Yadda Tsofaffin Soja Suka Riƙe Babana

Ranar wata Talata ce cikin watan Agusta, shekarar da na gama aji uku na lakwal, wato makarantar boko, muna gonarmu ta bakin tudu muna maimai. Hatsi ya kai ƙugun babba, ni kuwa ya kusa rufe ni. Babana yana gaba da hauyarsa, Inna tana biye, ni an ba ni aikin tsince ciyawar da suka kashe ina tarawa saboda tumaki. Tun da hantsi hadari yake haɗuwa ta gabas, baƙi ƙirin, amma ba wanda ya damu, don ruwan muke roƙo. Ina sunkuye aka yi wata tsawa da na ji ta har cikin haƙorana. Kafin in ɗago kai wani abu mai nauyi ya faɗo mini, ya danne ni tsakanin kunyoyi, fuskata cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Babana ne. Ya rufe ni da jikinsa gaba ɗaya, hannunsa ɗaya a ƙeyata, yana ihu da wata murya da ban taɓa ji daga bakinsa ba: "Kushe! Kushe!" Kalmar bariki ce, wai a kwanta. Yana kiran sunayen waɗansu maza da ban san su ba, yana ce musu kada su motsa. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta cika mini baki, numfashina yana neman ɗaukewa. Inna ta durƙusa kusa da mu tana jan rigarsa. Da yake ni ce ta fari ba ta kiran sunana, sai dai na ji tana cewa, "Malam, tsawa ce hwa. Yarinya ce ka danne, tashi don Allah."

Ya daɗe kafin ya ji ta. Da ya tashi, ya dube ni, leɓena ya fashe yana jini, ya dubi hannuwansa, ya juya ya nufi gida cikin ruwan nan, ko hauyarsa bai ɗauka ba. Inna ta wanke mini baki da ruwan da ya taru a ƙwaryar fura, ta ɗora mini ciyawa a kai, muka bi bayansa.

Sunan babana Isuhu, amma a ƙauyenmu, wanda ke cikin karkarar Azarori, Kapral kowa yake ce masa, wato muƙaminsa na soja. Ya shiga soja kafin a haife ni, mu kuwa muna gida wajen dangi, sai dai ya zo hutu sau ɗaya a shekara. Wannan hutu shi ne sallarmu ta uku. Yakan sauka daga motar kasuwa da jakarsa koriya, a ciki akwai burodi da ya bushe a hanya, da gwangwanin kifi, da sabulu mai ƙamshi na Inna. Mutum ne mai raha. Shi ya sassaƙa mini ƴar tsana da ƙashin rago, ya yi mata kitso da zaren buhu, har ƴan matan unguwa suna ba ni goriba don in bar su su goya ta. Da aka yi rikicin arewa, aka tura su can. Abin da muka ji daga baya shi ne motarsu ta taka nakiya, duk waɗanda suke zaune tare da shi suka mutu, shi kaɗai aka zaƙulo da rai. Ya kwanta gidan likita, aka sallame shi daga aiki, ya dawo mana da takarda ɗaya da kunne ɗaya da ba ya ji. Mutane suka yi ta zuwa barka, suna cewa Allah ya yi masa gyaɗar dogo, ko ƙwarzane babu a jikinsa.

Bayan abin da ya faru a gona, gidanmu ya zama gidan lallaɓawa. Inna ta daina daka a tsakar gida, sai mu kinkimi turmi mu kai bayan rumbunan maƙwabta. Ƙannena biyu aka hana su buga gwangwani. Idan na dawo daga rijiya, a hankali nake sauke tulu kamar mai sauke ƙwai. Wata rana lafiya ƙalau yake, ya gyara danga, ya yi wa jaki dabaibayi, ya tambaye ni abin da Mushe, malaminmu, ya koya mana. Wata rana kuma sai ya zauna a gindin rumbu, bayansa jingine da bango, idonsa a ƙofar gida tun safe har la'asar, ko fura ba ya karɓa. A lakwal labarin ya riga ni isa. Lokacin hutu, in muna carafke ko gaɗa a ƙarƙashin bagaruwa, sai wani yaro ya lallaɓo ta bayana ya buga tafi da ƙarfi, sauran su zube ƙasa suna dariya suna cewa kushe. Na yi faɗa har na gaji, na koma zama cikin aji ni kaɗai ina kallon allo.

Dangi kowa da maganinsa. Kakata ta wajen uba, wadda gidansu masu tsafin gargajiya ne kafin su musulunta, ta ce iskokin dajin arewa ne suka biyo shi, a yi masa girka irin ta bori. Limamin gari ya yi rubutu, aka sha, aka yi turare. Ba abin da ya sauya. Ana nan bayan girbi, wata babbar mota da ta zo ɗaukar wake ta fasa taya a bakin kasuwarmu. Babana yana kusa. Ya wawuri wani yaro, ɗan mai sayar da gishiri, ya faɗa da shi cikin kwazazzabo ya danne. Sai da maza huɗu suka ɓamɓare shi, kuma hannun yaron ya karye. A yammacin ranar aka yi zama a zauren Bappa Idi, yayan babana, wanda shi ne babba a gidan. Ni ina bayan zana ina tankaɗe, ina jin komai. Aka yanke za a kai shi wajen wani mai magani can bayan Buza, inda ake tsare irin waɗannan mutane. Kwana biyu bayan haka na ga Bappa ya dawo daga maƙera da wani abu a buhu. Da ya ajiye shi a zaure ya yi ƙara, na leƙa na gani. Mari ne, sabo, da sarƙarsa. Na san wurin da ake magana, domin an taɓa kai wani mutumin garinmu, ya shekara ɗaure a gindin itace, aka dawo da shi ƙafafunsa sun ruɓe.

Tsofaffin soja kuwa na san da su ne ta hanyar lakwal. Ranar bikin ƴancin kai akan kwashe mu a kai mu Madawa mu yi maci mu dasa itatuwa, kuma kullum su ne a sahun gaba, tsofaffi cikin manyan riguna, ƙirjinsu cike da lambobin da suke kira madai, wani da sanda, wani da hannun riga ɗaya a naɗe. Mu yara dariya suke ba mu, don in an ce a ƙame sai ka ga gwiwoyinsu suna rawa. Amma na tuna wata shekara da babana yana hutu ya raka mu, da muka zo wucewa ta gaban gidan ƙungiyarsu ya tsaya cak ya sara musu, ya ce mini, "Waɗanga su ne uwayenmu a aiki." Wannan magana kaɗai na riƙe. Ranar kasuwar Madawa, saura kwana biyu a tafi da shi, na roƙi Inna ta bar ni in bi matan unguwa in sayar mata da busasshiyar kuɓewa. Muna isa na bar ƙwaryata wajen wata maƙwabciya, na ce zan zaga, na kama tambaya har na iso.

Gidan ba wani gida ba ne. Ɗaki biyu ne na ƙasa da rufin kwano, da rumfa a gaba, da dogon ƙarfe na tuta, da itatuwan dogon yaro guda uku. Sai da na girma na san tarihinsa. Tun zamanin Nasara aka kafa ƙungiyar, saboda mutanen da aka kwasa daga garuruwan Adar aka kai su yaƙe-yaƙen Faransi, wasu Turai, wasu Indoshin, wasu Aljeri. Sun dawo da harshen bariki da ciwon da ba wanda ya san kansa a gida, kuma yawancinsu ba su iya karatu ba. A nan ake rubuta musu wasiƙa, a bi musu maganar pansiyo, a nan wanda ya zo daga Keita ko Buza yake kwana in ya zo ganin hukuma. In ɗayansu ya mutu su suke kai shi, su kuma sa ido a kan matarsa da ƴaƴansa. Amma ƙungiyar ta waɗanda suka yi wa Faransi aiki ce. Sojan ƙasa irin babana, waɗanda suka shiga bayan samun ƴanci, ba su cikin littafinsu.

Na tarar da su su wajen takwas a rumfa, wani farin tsoho mai rawani yana dafa shayi. Na durƙusa na gaishe su, sai kuka ya ƙwace mini. Wanda ke zaune a kujera, baƙi, gajere, mai farin gemu da ido ɗaya da ya yi fari, ya bari sai da na yi shiru. Shi ne shugabansu, Sarzan Mamman.

"Mi ya kawo ki, ɗiyata?"

"Baba, mari za su sa ma babana."

Ya tambaye ni sunansa da garinmu da abin da ya yi, na faɗa masa duka, har da hannun yaron, ban ɓoye ba. Wani dogo mai tabarau, Lajidan Habu, wanda shi ke riƙe da takardunsu, ya girgiza kai ya ce abin tausayi ne, amma wannan ba nasu ba ne, yana da hukumarsa, ya je can. Ya ce in suka buɗe wannan ƙofa ba su san inda za ta tsaya ba, su da kansu da ƙyar suke riƙe da nasu. Sarzan bai dube shi ba. Ya juya ga mai shayin nan, wanda ake kira Agali, Buzu ne mutumin Keita, ya ce, "Agali, shekarar da munka dawo, wa ya kwance ka daga turken raƙumi?" Agali bai ɗago ba, ya ci gaba da zuba shayinsa, ya ce, "Kai." Sarzan ya ce, "To. Ƙarar da uban wagga yarinya shika ji, ita munka ji. Ba ta tambayi tutar kowa ba." Aka ba ni ruwa da guntun burodi, aka ce in koma wajen kuɓewata.

Washegari da hantsi ina shara a ƙofar gida na hango amalanken jaki yana tahowa, yara suna bin sa. Su uku ne a kai: Sarzan Mamman, da Agali, da Lajidan Habu ɗin nan da ya ƙi jiya, da jakar takardunsa a cinya. Duk sun saka madai ɗinsu kamar ranar biki. Tun daren da aka karya hannun yaron babana yana cikin ɗakin baya, an ɗaure masa ƙafa da igiyar guga kafin ranar tafiya. Bappa Idi ya tarbe su a zaure da girmamawa, aka kawo fura, maigari ya zo, mutane suka cika ƙofa. Da Sarzan ya faɗi abin da ya kawo su, Bappa ya yi magana, kuma har yau ban iya cewa ƙarya ya faɗa ba. Ya ce ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya goya shi, ba wanda ya fi shi jin zafin abin. "Amma jiya hannu ne. In gobe ya kashe ɗan mutane, wa za shi tsaya gaban alƙali? Ni ne." Sarzan ya ce, "Daga yau mu ne. Ga maigari shaida. Habu, rubuta." Lajidan ya fito da takarda ya rubuta, su ukun suka dangwala yatsa.

Daga nan Sarzan ya miƙe, ya dogara sandarsa har ƙofar ɗakin baya, ya tsaya, ya gyara murya ya ce, "Kapral Isuhu!" Kwana huɗu babana bai amsa wa kowa ba. Sai muka ji motsi, ya fito da rarrafe iyakar inda igiya ta bar shi, ya dafa bango ya miƙe, ya ƙame. Rigarsa duk ƙasa, ƙafarsa ta kumbura. Sarzan ya sara masa, shi tsoho shi ya fara, sannan ya ce a hankali, "Repo, huta, ɗana. Muna da aiki a garka, muna bukatar mai ƙarfi." Agali ya durƙusa ya kwance igiyar da hannunsa. Inna ta juya ta shige ɗaki, na ji tana kuka da zane a baki. Haka suka ɗora shi a amalanke suka tafi.

Da yamma Bappa ya gano wanda ya kai labari. Bai doke ni ba, da ma ya yi. Ya ce na kai sirrin gida kasuwa, na nuna wa duniya bai iya riƙe ɗan'uwansa ba. Ya shekara bai amsa gaisuwata ba, matansa suka daina aikena, kuma in an yi rabon naman suna ko na layya sai a tsallake ƙofarmu kamar da mantuwa. Inna ba ta taɓa ce mini na kyauta ba, ba ta kuma ce na yi laifi ba. Sai dai daga ranar, duk ranar kasuwa ita da kanta take cika mini ƙwarya da kuɓewa, ta ɗora ƙullin dawo a kai, ta ce in kai inda na sani.

Ƙungiyar tana da garka a bakin fadama, wani attajiri ne ya ba su aron filin tun da daɗewa. Albasa suke yi, da ɗan tumatir da yalo a gefe. Tsofaffin ba su da ƙarfin jan ruwa, sai babana ya zama hannunsu. Tun asuba yake kan rijiya da guga, yana kora ruwa fangali bayan fangali, su kuma suna zaune a inuwa suna cire ciyawa suna gardama a kan wane gari ya fi sanyi a ƙasar Turawa. Lajidan Habu ya yi ta rubuce-rubuce har aka samu aka kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa a Tawa, aka ɗora shi a kan ƙwayoyi, kuma shi Lajidan ne yake tsare shi ya haɗiye su kowace safiya. Amma ni a ganina ba ƙwayar kaɗai ba ce. Ba su taɓa tambayarsa abin da ya gani ba, ba su taɓa ce masa ya manta ba. In hadari ya taso, duk inda Agali yake sai ya zo ya zauna kusa da shi, ya hura gawayi, ya kama wuyan hannunsa ya riƙe. Tsawa tana yi, babana yana karkarwa yana zufa, Agali yana ba shi labarin raƙuma da muryarsa mai sanyi har ruwa ya ɗauke. Na taɓa ganin abin da idona, na kuma lura cewa shi ma Agali duk tsawa sai ya zabura.

Da na ci jarrabawar shiga kolej, Sarzan ya ce ba zan zauna gidan kowa a Madawa ba sai gidansa. Matarsa, Iya Hawa, ta haɗa ni da jikokinta, tabarma ɗaya, akushi ɗaya. Waɗannan su ne shekarun da na san ina da uba. In na taso da yamma sai in bi ta garka da littattafaina, in tarar da shi yana wanke ƙafa a bakin rijiya, ya ciro mini tumatir ya goge a rigarsa. Ya yi ƙiba, ya koma raha, har yana kwaikwayon tafiyar Lajidan in ya ba da baya. Da damina yakan je gida ya yi noma, tsofaffin su haɗa shi da jikokinsu a yi mana gayya. Lokacin cirar albasa kuwa, rabonsa daidai da na kowa, shi da babu sunansa a littafi. A cikin waɗannan shekaru aka haifi autarmu. Bappa ma ya sauko, wata rana ya zo kasuwa ya biyo ta rumfar, ya sha shayin Agali, ya tafi.

Abin da ban yi tunani ba shi ne tsofaffi ne. Lajidan Habu ya fara tafiya, ina aji na uku a kolej, kuma da shi aka binne sanin kan takardu. Bayan shi sai abin ya zama kamar an buɗe hanya, kowace shekara mutum ɗaya ko biyu. Babana ne mai haƙa kabari, shi ne mai ɗaukar makara, shi ne mai sauke tuta zuwa rabin ƙarfe. Agali ya makance, ƴaƴansa suka zo suka mai da shi Keita, ba mu sake ganinsa ba, sai labari. Rumfar da ke cika da mutum goma ta koma ta mutum uku, sannan biyu: Sarzan a kwance a tabarma, babana yana yi masa fifita. Ranar da Sarzan ya rasu ina Tawa ina koyon aikin malanta. An ce babana bai yi kuka ba. Ya yi masa wanka tare da liman, ya kai shi, ya dawo ya share rumfa, ya zauna. Ba a yi wata uku ba magadan mai filin suka karɓi garkarsu, aka yanka ta filaye. Ba su yi zalunci ba, tasu ce. Damina ta zo, rufin ɗaki ɗaya ya rufta, babana ya ɗauki tabarmarsa ya koma ƙauye.

Ba wanda zai bi masa maganar ƙwaya, ba wanda zai riƙe masa hannu. Inna ba ta sanar da ni ba, don kada karatuna ya lalace. Da na zo babban hutu, na shiga gida da sallama da tsarabata, na ga ƙannena sun sunkuyar da kai. Yana bayan ɗaki, a gindin turken da muke ɗaure jaki, da mari a ƙafarsa. Ba Bappa ne ya sa ba, Bappa ya riga ya rasu. Inna ce ta aika aka kira maƙeri, bayan ya ɗauki autarmu ya gudu da ita daji yana cewa ana harbi, aka kwana biyu ana neman su. Na juya kanta da faɗa, na faɗi maganganun da har yau nake neman gafararsu. Ta bari na gama, ta ce, "Ke kin san inda za ki a wancan lokaci. Ni ina za ni?" Na zauna kusa da shi, na kama wuyan hannunsa yadda na ga ana yi, amma bai gane ni ba. Ya tambaye ni ko an ba albasa ruwa. Na ce an ba ta. Na yi ta faɗi-tashi na samo masa magani kafin hutu ya ƙare, ya ɗan lafa har aka cire marin, amma jikinsa ya riga ya tafi. Bai kai ƙarshen sanyin shekarar ba.

Yanzu ina koyarwa a Madawa, na fi shekarun da babana ya yi a duniya. Ƙungiyar tana nan, ko in ce wata ta tsiro a gurbinta. An rushe ɗakunan ƙasa an yi buro, wato ofis, na siminti da allon suna, kuma yanzu ƙofarta a buɗe take ga sojan ƙasa, abin da Lajidan ya ji tsoro ya zama shi ne aikinta. Masu riƙe da ita mutanen kirki ne da suka ajiye kaki, sun iya karatu, suna da waya, suna magana da Yamai kai tsaye. Aiki ya yi musu yawa, domin yaƙin yanzu ba a ƙetaren teku yake ba, kuma matan da ke zama a bencinsu yara ne ƙanana da goyo, waɗanda mazansu suka tafi bakin iyaka ba su dawo ba. Ana haɗa musu dosiye na takardu, ana bin musu haƙƙi, da azumi a raba hatsi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, tsofaffin da na sani ba su iya rabinsa ba. Sai dai ana buɗewa da safe a rufe da azahar, kuma ba wanda yake zama a wurin don zaman kawai.

Kwanan baya uwar wata ɗalibata ta tsaya bayan an tashi, ta jira kowa ya watse. Yarinya ce, ba ta fi ashirin da biyar ba. Ta ce an gaya mata ni ɗiyar soja ce. Mijinta ya dawo wata biyar da suka wuce, lafiya lau, ba rauni ko ɗaya, amma ba ya barin yara su rufe ƙofa da ƙarfi, kuma rannan babur ya yi ƙara a titi ya shige ƙarƙashin gado ya ƙi fitowa. Ta je buro, sakataren ya saurare ta da mutunci, ya ce suna da takardar wanda ya rasu da ta wanda ya ji rauni, ta kawo shaidar likita a ga inda za a sa shi. Danginsa kuma sun fara maganar wani mai magani. Ta dube ni ta ce, "Madam, ku da naku ya yi haka, wajen wa kunka tahi?"

Na rubuta mata sunan likitan da na sani a Tawa, na ce zan zo gidan in gaishe shi, kuma na je, ina zuwa har yanzu. Amma tambayar da ta yi mini ban amsa ba, don duk waɗanda zan ambata mata suna maƙabarta.